Gidan Misis Gaskins

Ni dai abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. Unguwa mai shiru, da 'yar ciyawa a ƙofar gida, da makaranta ta kirki, inda 'yata Simone za ta fito da kekenta ba tare da an ɗaga labule ana leƙenta ba. Shi ke nan fa.

Duk zaman da muka yi a jihar Virginia, ni da mijina Lamont, mu kaɗai ne baƙaƙe a layinmu. Kar in ɗauki alhakin mutane, ba wanda ya taɓa zaginmu. Murmushin ma har ya yi yawa. Amma wata rana Simone ta dawo daga makaranta, ta tsaya gaban madubi tana jan kitsonta, ta ce, "Mami, yaushe gashina zai kwanta irin na mutane?" Irin na mutane! Mu kuma mene ne, awaki? Ko abinci ban iya ci ba ranar. Na ce wa Lamont zamanmu a nan ya ƙare, ko ya nemo mana inda namu suke, ko in ɗauki 'yata in nemo da kaina.

Yayarsa Lavonne dillaliyar gidaje ce, ita muka ɗora wa aikin. Doka ta hana dillali ya faɗa wa mai saye irin mutanen da ke zaune a unguwa, ita kuma Lavonne tana son lasisinta fiye da yadda take son ƙaninta. Sai dai ta zagayo maka ta bayan fage.

"Ni fa ban ce komai ba, Renita," haka take farawa. "Amma a nan in kika tashi neman mai kitso, ba sai kin ƙone rabin tankin mai ba."

In kuma ta kai mu inda bai yi ba, sai ta taɓe baki ta ce, "Gida kam ya yi kyau. Sai dai ki riƙa tahowa da man gashinki daga cikin gari."

Sauran binciken namu ne. Duk Lahadi in an tashi daga coci sai mu tsallaka zuwa jihar Maryland, mu yi ta zagaya unguwannin yankin Prince George's a hankali kamar masu neman gidan biki. Muna da namu ma'aunin. In ka ga baƙin mutum yana yanke ciyawa, kar ka yi saurin murna, tsaya ka ga in ya gama: cikin gidan zai shiga, ko injin zai ɗora a bayan motarsa ya wuce? In mun shiga babban kantin unguwa, ni wajen kayan gashi nake nufa kai tsaye, in ga ko namu a fili yake ko an kulle shi cikin gilashi sai ka kira ma'aikaci ya buɗe maka. Lamont kuwa ɗan ɗaga kai yake yi wa duk namijin da suka haɗa ido, ya ga wa zai mayar masa.

A garin Bowie muka same shi. Layi ne mai ɗan lanƙwasa, bishiyoyi dama da hagu. Wani dattijo yana wanke motarsa da gajeren wando, rediyo na yi masa waƙoƙin coci. Wata mata ta sauko daga mota da farar rigar likita a kafaɗa, tana yi wa ɗanta faɗa a kan kwandon shara. Hayaƙin gashin nama na tasowa daga bayan wani gida. Ga 'yan mata ƙanana suna tsallen igiya, duwatsun da ke kitsonsu na ta kacau-kacau. Simone ta manna fuska a gilashi ta ce, "Mami, dubi, dukkansu irina ne!" Lamont ya ɗaga wa dattijon kai, dattijo ya ɗaga masa hannu har da soson wankinsa. Sai ga gogan naku Lamont yana murza ido, wai wani abu ne ya faɗa masa. Wane abu, gilashi a rufe?

Gidan da ake sayarwa a layin yana da ɗaki a ƙasa mai banɗakinsa, ba hawa ba sauka. Ina shiga na ce, "Ga ɗakin Mama." Da ƙarfi na faɗa, don kowa ya ji irin 'yar kirkin da nake. Amma ni da Lamont da Lavonne duk mun san gaskiyar maganar: ƙarfinmu bai kai gidan nan ba, sai in an sayar da na Mama an haɗa.

Mamata, Misis Earline Gaskins. Haka za ka kira ta, da Misis ɗin da komai, in ba haka ba ta dube ka ta saman tabarau har sai ka tuna. Shugabar makarantar firamare ce kafin ta yi ritaya, kuma akwai manyan mutane a unguwarta ta Petworth, da furfurarsu, waɗanda har yau in sun hango ta sai sun gyara tsayuwa. Gidanta na cikin Washington ita da marigayi Babana suka saya lokacin yana raba wasiƙu. A ciki na tashi, a ciki aka yi zaman makokinsa. Unguwar ce dai ta sauya. Tsofaffin maƙwabta wasu sun mutu, wasu 'ya'yansu sun sayar, Turawa matasa sun shigo da karnukansu da kekunansu. Cikin mutanen da, saura ita da Mista Cleophus na gidan da ke kusa da namu, tsohon direban bas, wanda suke waƙa tare a coci tun kafin in yi wayo.

Da na je mata da maganar, da gwiwarta na fara. Matakalar nan za ta kashe ki, Mama. In kin faɗi wa zai ji? Na yi ta zuba, tana yankan ganye tana saurare.

"Duk wannan don gwiwata ce, ko?" ta ce.

"To don me, Mama?"

Ta dube ni ta saman tabarau. Na sunkuyar da kai, na shiga gyara cokulan da ba su nemi gyara ba.

"Yarinyar ta ga wurin?"

"Ta gani."

"Tana so?"

"Ko barci ba ta yi don zumuɗi."

"To a sayar," ta ce, ta ci gaba da yankan ganyenta. Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Masu saye ba su yi wuya ba, wasu mata da miji ne Turawa, suka amince da farashi. Amma bankinsu ba zai ba su bashi ba sai ya aiko mai ƙiyasi ya duba gidan ya faɗi darajarsa. Ranar da ya zo Mama ta sa rigarta ta zuwa coci, ta tarbe shi da shayi mai ƙanƙara, ta zagaya da shi tana nuna masa sabon rufi da sababbin famfuna. Shi kuwa bango yake ta kallo yana cewa, "Iyalin naki da yawa." Da sakamako ya fito, sai ga darajar gidan Mama ta faɗi ƙasa warwas, ƙasa ma da wani ɗan akurki a ƙarshen layi mai yoyon rufi, wanda wani Bature ya sayar bara. Masu saye suka fara ja da baya. Masu gidan Bowie kuma suka aiko cewa akwai wani a bayanmu, in ba mu shirya ba za su ba shi.

Lavonne ta yi ta buga waya har aka yarda a aiko wani mai ƙiyasin daban. Sannan ta zo ta same mu a falon Mama, ta ajiye jaka, ta ce, "Wannan karon wanke gidan za mu yi."

"Gidana ne yake da datti?" in ji Mama.

"Haba Misis Gaskins, ko a ƙasan gidan nan aka zuba mini abinci zan ci. Ba irin wannan wankin ba." Ta nuna bango da hannu. "Duk abin da zai nuna gidan baƙaƙe ne, a kwashe shi. Hotuna, littattafai, komai. Kuma ranar kada ya ga ko ɗaya daga cikinmu. A samo Baturiya ta buɗe masa ƙofa, ta ce ita ce 'yarki, kin tafi ganin likita. Ba ni na ƙirƙiro ba, kowa yi yake. Ni kaina na yi wa mutane ya fi a ƙirga, kuma Allah ya sani duk lokacin sai kuɗin gidan ya tashi."

Na san ana yi, wa bai sani ba? Amma ji a bakin mutane daban, a yi a falon uwarka daban. Na jira Mama ta kore mu gaba ɗaya. Har addu'a na yi a raina ta kore mu, in huta. Ita kuwa ta ɗaga kai ta bi hotunan da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Kwalaye suna ɗakin ƙasa."

Ban san gida yana da launin fata ba sai da muka fara kwasa. Hoton aurensu ya sauka. Babana cikin kakin gidan waya ya sauka. Yesu mai baƙar fata da ke saman ƙofar falo ya sauka, da mala'ikun tangaran da ɗalibanta suka yi ta ba ta, da mafitan kwali na coci, da kalandar masu shirya jana'iza. A kicin na ci karo da matsefin ƙarfen da take ɗorawa a wuta ta miƙar mini da gashi ran Asabar, ina ihu tana cewa in tsaya. Shi ma ya shiga kwali. Lavonne tana bin ɗakuna tana shinshina, ta kafa doka kada a sake soya kifi ko dafa ganye sai an gama, har kwalbar yajin da ke kan tebur ta ɗauke. Inda hotuna suka tashi suka bar tabo a bango, Lamont ya bi da fenti. Mama ce ta naɗe kowane hoto a jarida da hannunta, ba ta yarda kowa ya taya ta ba.

Baturiyar da muka aro Colleen ce, abokiyar aikina a ofishin inshora, tare muke cin abincin rana. Da na roƙe ta, fuskarta ta yi ja har kunne.

"Renita, wannan abin kunya ne. Ba naku ba fa, namu."

"Ke ni ba wa'azi na zo nema ba, fuskarki nake son aro."

Ta zo da nata kwalin. Muka jera iyayenta a kan jirgin ruwa, da 'ya'yan yayanta masu jan gashi, da wani kare mai dogon harshe, duk a inda mutanenmu suka tashi. Mama ta ɗauki hoton tsohuwar ta ƙura masa ido.

"Wannan ce ni?"

"Mahaifiyata ce, Misis Gaskins," in ji Colleen, murya can ƙasa.

"To, ba laifi. Aƙalla na samu jirgin ruwa."

Muka yi dariya duka, har da ni, don an ba mu hanyar yi.

Abu ɗaya Mama ta sa ni. Ta ce, "Ki je ki yi wa Cleophus bayani. Idonsa ya fi zama a kan gidan nan fiye da nasa." Lokacin da muke kwasar kaya yana Baltimore wajen 'yarsa, sai ana gobe mai ƙiyasi zai zo ya dawo. Na same shi a baranda yana shan iska.

"A'a, Renita 'yar gidana! An zama manya, an daina ganinmu. Ina wannan malalacin mijin naki?"

Na buɗe baki. Mutumin nan ya sha ɗaukata a bas ɗinsa ya zaunar da ni a bayan kujerarsa har mu je ƙarshen hanya mu dawo. Ta ina zan fara ce masa mun goge kanmu daga gidanmu, gobe kuma Baturiya za ta tsaya a ƙofar Mama? Kunya ta hana ni. Na tambaye shi ƙafa, na tambaye shi jikoki, na yi masa sallama. A raina na ce ai da safe wajen aski yake zuwa hira, ba zai ma gani ba. Da Mama ta tambaye ni na ce, "Na gaya masa."

Washegari shirin shi ne in kai Mama gidan wata ƙawarta. Ta shiga mota, ta ɗora jaka a cinya, ta ce, "Ba inda za ni. Ki matsa can gaba ki tsaya, in ga wanda zai yi wa gidana kuɗi." Na san muryar, ba a musu da ita. Na tsallaka titi na tsaya ƙarƙashin wata bishiya, inda muke hango barandar sosai. A kujerar baya akwai bokiti da tsummokaran da muka yi sharar ƙarshe da su.

Mai ƙiyasin ya iso, saurayi ne Bature mai ɗan gemu, da 'yar kwamfuta a hannu. Colleen ta buɗe ƙofa ta fito da murmushi, suka gaisa. Ya fara da waje, yana ɗaukar hoton rufi da tagogi, tana biye da shi. Mama ta kafa musu ido. Har na fara sakin numfashi, sai na ji ƙarar ƙofar Mista Cleophus.

Ya fito da sandarsa, ya tsaya, ya dubi Colleen, ya dubi mutumin da ke ɗaukar hoto, ya dubi tagar falo da aka sauya wa labule.

"Ke! Ke wace ce? Me kike yi a barandar Earline?"

"Ina kwana, yallabai," in ji Colleen. "Ni... ni 'yarta ce."

"'Yar wa? Yarinya, ina tsaye a nan aka kawo 'yar Earline Gaskins daga asibiti cikin tawul, kuma ba kalarki ba ce! Ina Earline? Me ya same ta?" Ya fara saukowa yana laluben waya a aljihu. "Haka aka yi da maƙwabciyarmu Bernice, na yi tafiya na dawo na tarar da baƙi a gidan. Ba wanda zai motsa daga nan sai 'yan sanda sun zo. Earline! 'Yar'uwa Earline!"

Ba fushi ba ne a muryarsa, tsoro ne. Mai ƙiyasin ya sauke kwamfutarsa yana kallon Colleen, ita kuma ta yi tsuru-tsuru.

Mama ta juyo ta dube ni. "Kin ce kin gaya masa."

Na kawar da kai.

Ta cire 'yan kunnenta, ta cire tabarau, ta zuba mini a hannu. Ta zaro ɗankwali daga jaka ta ɗaure kanta tamau. Ta miƙa hannu baya ta jawo bokitin.

"Mama, me za ki yi? Mama!"

Ta rufe ƙofar motar. Tun daga tafiyarta na ga abin. Matar da ko da ciwon gwiwa ba ta taɓa yarda ta ranƙwafa a gaban mutane ba, ga ta tana tsallaka titi kafaɗa a sake, kai a ƙasa, tana ɗan jan ƙafa. Na sauke gilashi.

"Haba Mista Cleophus, don Allah rage murya, kar ka sa a sallame ni daga aiki."

Ban taɓa jin muryar nan ba tunda aka haife ni. Siririya ce, mai zaƙi, da 'yar dariya a ƙarshenta. Ta juya wajen saurayin, wanda a haife ta haifi ubansa, ta ɗan rusuna.

"Yi haƙuri, yallabai. Tsufa ne. Ya daɗe yana ganina ina shiga ina fita a gidan nan, sai kansa ya ɗauka ni ce mai gidan. Kullum da sunan uwar ɗakina yake kirana. Ni mai aiki ce, yallabai. Sunana Hattie."

Hattie sunan kakata ne, uwar Mama. Daga Carolina ta zo, ta yi ta wanke gidajen Turawa har yatsunta suka ƙi miƙewa, don 'yarta ta yi karatu, kada ta taɓa riƙe bokitin kowa.

Mista Cleophus ya tsaya baki buɗe. Ya dubi Mama, ya dubi bokitin, ya dubi Colleen. Sannan ya ɗaga ido ya bi titin da kallo har ya gano motata, muka haɗa ido. Na ga lokacin da ya gane. Ya mayar da wayar aljihu a hankali.

"E, haka ne," ya ce. "Kaina ne. Ku yi haƙuri, jama'a."

Mutumin da har yau ba ya mance ranar haihuwar kowa a cocinmu, ya juya ya hau matakalarsa yana girgiza kai irin na wanda ya rikice, don ya taya ta.

Mai ƙiyasin ya yi dariya. "Ba komai, kakana ma haka yake."

Colleen kuwa saura kaɗan ta ɓata komai, idonta ya cika taf. Mama ta matsa kusa da ita ta ce, "Ranki ya daɗe, da kicin zan fara ko da sama?" Ta ƙura mata ido har sai da ta amsa.

"Da... da kicin."

"To, ranki ya daɗe."

Ga matakalar gaba a gabanta, wadda take sharewa kowace safiya tun kafin a haife ni. Ta wuce ta. Ta bi ta lungun gefe da bokitinta, ta nufi ƙofar baya.

Hannuna yana kan mariƙin ƙofar mota. Ba a kulle take ba, ba kuma wanda ya riƙe ni. Taku kaɗan ne in tsallaka in ce wa yaron nan, malam, wannan ita ce Misis Gaskins, gidanta ne, ni ce 'yarta, rubuta abin da za ka rubuta. Ban fita ba. Kuma ba ƙamewa na yi ba, hankalina garau yake. 'Yan matan nan masu tsallen igiya nake gani, da fuskar Simone a jikin gilashi. Uwata tana bin lungu da bokiti, ni kuma ina zaune da 'yan kunnenta a tafin hannu ina cewa, ya Ubangiji, ka sa ya yarda.

Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya ba Colleen hannu, yana magana da ƙarfi irin na wanda ya ji daɗin aikinsa.

"Gaskiya an kula da gidan nan. Ku riƙe matar nan da kyau, irinsu sun yi wuya yanzu."

Sai da motarsa ta sha kwana na shiga. Colleen tana zaune a kan matakala tana kuka. Mama tana kicin, kuma aikin take yi da gaske, ta duƙufa tana dirzar murhun da muka riga muka wanke.

"Mama, ya tafi."

"Na ji." Muryarta ta dawo. Ta wanke hannu, ta goge, ta leƙa falo. "Colleen, tashi ki wanke fuska, ba ke aka yi wa ba. Na gode miki ƙwarai. Kwashe mutanenki." Sannan ta miƙo mini hannu ba tare da ta dube ni ba. "Tabarauna." Na ba ta. "Je ki wajen Cleophus."

Bai buɗe mini ƙofar raga ba, ta cikinta muka yi magana.

"Mista Cleophus, ni ce."

"Na san ke ce. Kaina lafiya yake."

"Na zo in ba ka haƙuri."

"Da kin gaya mini, Renita, da na zauna a ɗaki na ja bakina na yi shiru. Kin ɗauka ban san ƙasar da nake ciki ba? Kin ɗauka yau aka fara?" Ya ja numfashi da ƙyar. "Na ɗauka ta mutu, yarinya. Na ɗauka ta mutu ba wanda ya gaya mini."

"Ka yafe mini."

"Ni ba komai, an kira ni abin da ya fi haka. Amma ita..." Bai ƙarasa ba, ya tura ƙofar ciki ya rufe.

Bayan 'yan kwanaki ina kicin ɗin Mama da rana, tana feran dankali, sai ga wayar Lavonne. Tun kafin in kai kunne nake jin ihunta, ga Lamont a bayanta yana rera waƙa da wannan muryar tasa da ba ta da daɗi. Gidan ya tashi, har ya haura farashin da aka yi. Banki ya amince. Gidan Bowie ya zama namu. Lavonne tana ta cewa, "Ban gaya miki ba? Ban gaya miki ba?" Na kashe wayar.

"Ya yi?" in ji Mama, ba ta ɗago ba.

"Ya yi, Mama."

"Ya kai?"

"Har ya wuce."

Ta gyaɗa kai. Ta gama fere wanda ke hannunta, ta jefa a ruwa. "Ashe na iya."

"Mama, don Allah ki ya..."

"Ban gama ba." Ta ajiye wuƙar. "Ran da ba makaranta uwata takan tafi da ni gidan da take aiki, in zauna a bayan kicin. A nan nake jin muryar nan. Na tsane ta, Renita. Ban san tana nan a maƙogwarona tana jira ba." Ta goge hannu a zani, sai yanzu ta dube ni sosai. "Yarinyar nan kuka saya wa gidan, don ta tashi da kanta a ɗage. To kar ta ji. Ko bayan raina kar ta ji. In ta tambaya, ki ce kakarta ta sayar da gida ta yi riba."

"To, Mama."

Da aka tashi daga makaranta na je ɗaukar Simone. Tana shiga mota na gaya mata. Ta yi ta tsalle a kujera, ta ce ɗakin da ke kallon titi take so, ta ce sai na saya mata igiyar tsalle tun yau don ta koya kafin mu tare. Can kuma ta tsaya, ta leƙo ta tsakanin kujeru.

"Mami, ba Babana ya ce abin ya lalace ba? Yaya aka yi ya gyaru?"

Na dubi titi. "Kakarki ce ta sayar da gida, ta yi riba."

"Kai, Kaka ta iya!"

Na ce mata e, ta iya, na ƙara ƙarar rediyo.